Nu'uman Kodineta da Gonar da Ruwa Ya Ci

A shekarar 1996 na fara ganin Nu'uman Haruna, ranar Litinin, tara ga watan Satumba. Ina hedimasta a wata firamare a Birniwa, shi kuma an turo shi gwajin koyarwa. Ya shigo ofishina da farin takalmi a tsakiyar damina. Kafin ya tambayi ajin da zai koyar, sai da ya tambaye ni ko za a rubuta sunansa a ƙofar ajin. Na ce masa a nan sunan aji ake rubutawa. A makonsa na farko ya zana gero a allo, 'yan aji huɗu suka rantse rake ne. Ya ce musu haka geron yake a littafi.

Ban raina asalinsa ba. Mahaifinsa tela ne a cikin garin Haɗeja, mutumin kirki wanda ba ya saɓa ranar da ya sa wa ɗinki. Nu'uman ma ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba ne. Ciwonsa guda ɗaya, son sabuwar kalma da son laƙabi. Ya yi koyarwa shekara uku ya ajiye. Ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha, a nan ya koyi kwamfuta. Ya yi digiri na ƙarshen mako, ya yi aure, ya tara iyali. A 2014 wata kwalejin noma mai zaman kanta da ke bayan gari, wadda ba zan kama sunanta ba, ta ɗauke shi malami a sashen noman shinkafa. A lokacin bai taɓa tsayawa a taɓon fadama har gwiwa ba. Ina shakkar ko ya tsaya har yau.

Shekara uku da suka wuce aka tura shi bita ta kwana uku a Kano. Ya dawo da jaka mai tambari, da hula mai tambari, da kalma ɗaya da ya riƙa taunawa kamar goro: fotfoliyo. Ma'anarta kundi ne a intanet, kowane ɗalibi da nasa, inda zai riƙa ɗora shaidar aikinsa, hotuna da murya da rubutu, tun daga shuka har girbi, malami yana dubawa yana gyara masa. Kwaleji ta karɓi shawarar, ta naɗa shi Kodineta, wato mai kula da shirin. Kafin a gama buga takardar naɗin ya riga ya kai wa mai fenti aikin allon ƙofa.

Gaskiya ita ce tunanin ba shi da aibi, kuma ba sabo ba ne. A makarantar mishan da na yi, kowannenmu yana da kunya uku a lambun makaranta da littafi mai baƙin bango. Baturiyar da ke koya mana aikin lambu, wadda muka sa wa suna 'Yar'azumi saboda cikin watan ta iso, takan karɓi littattafan kowace Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya. Kwanan wata, awon ruwan sama, abin da ka gani da idonka. Idan gyaɗarka ta mutu, ka rubuta ta mutu, ka faɗi ranar, ka faɗi abin da kake zato ya kashe ta. Ba ta taɓa rage wa kowa maki don shuka ta mutu ba. Amma wani ɗan ajinmu ya taɓa rubuta cewa ya yi ban-ruwa a ranar da yake kwance da zazzaɓi, ta sa shi ya sake kwafe littafin gaba ɗaya da hannunsa.

Kundin Nu'uman gurbi shida gare shi: sharar gona, shuka, noma, taki, fitar kai, girbi. Idan ɗalibi ya ɗora hoto a gurbi sai gurbin ya koma kore. Idan shidan suka koma kore, an ci. A Kano aka ba shi tsarin, bai ƙara masa ko ɗigo ba. Babu gurbin ruwa. A Haɗeja ke nan, inda ko jariri ya san kogi ne ke da magana ta ƙarshe a kan shinkafa.

Ɗaliban shekarar ƙarshe arba'in da biyu ne, yawancinsu 'ya'yan fadama, daga Auyo da ƙauyukan da ke bin kogi. An ce kowa ya ware fili a gonar gidansu ya yi aikin a can. Suka shuka da ruwan farko kamar yadda aka saba, don shinkafa ta riƙa tashi tare da kogi in ya fara cikowa. A wannan shekarar kogin bai jira kowa ba. Cikin mako guda a watan Satumba ya haye kan shinkafar, ya zauna a kanta kusan wata ɗaya.

Cikin watan Nuwamba Nu'uman ya zo gidana da hantsi, da kwamfuta a hammata.

"Baba Hedimasta, taimako na zo nema. Ƙarƙashin kowane hoto akwai wurin da ɗalibi ke rubuta abin da ya koya. Turancinsu sai addu'a. Masu tantance kwaleji za su zo bayan sabuwar shekara, ina so ka bi mini."

"Ni da ban san inda ake kunna abin nan ba?"

"Nan kawai za ka riƙa dannawa. Ko akuya za ta iya."

"To ka kai wa akuyar mana."

Ya yi dariya, ya ajiye mini kwamfutar. Na yi kwana huɗu ina dannawa. Turancin bai dame ni ba kamar hotunan. A gurbin girbi, kowane ɗalibi yana tsaye cikin shinkafa jawur, da lauje a hannu, da malafa a kai. Na duba na farko na ce madalla. Na duba na biyar na sa tabarau. Malafar ɗaya ce, mai ɓallen baki ta hagu. A bayan kowa akwai goruba mai reshe biyu da jan injin ban-ruwa. Na san gorubar, na san injin. Gonar Malam Fannami ce, a kan tudun da ke bayan kwalejin, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Na ƙirga da fensir a takarda: arba'in da ɗaya. Wani ma don ƙwazo ya cika gurbin fitar kai da hoton kacala, ciyawar nan da ta toshe mana magudanan ruwa, aka ba shi kore.

Na je na sami Fannami a gonar. Bai ɓoye komai ba, don bai san akwai abin ɓoyewa ba.

"Malam, ni dai na ga yaran zamani suna sha'awar gona, sai raina ya yi fari. Layi suke yi. Mata ma sun sa malafar a kan hijabi. Ba wanda ya yanki ko zangarniya ɗaya, sai dai a riƙe laujen a yi murmushi."

Kundi na arba'in da biyu na Mansura Adam ne, daga wani ƙauye a gefen Auyo. Gurbi huɗu kore, biyu ja. Amma kundin ya fi na kowa nauyi, don ta cusa abin da ba shi da gurbi a ƙarƙashin gurbin taki. Ranar da ruwa ya fara shiga gonar ta kafa sanda a bakin kunya, ta yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, taƙi ɗaya tsakanin kowace tsaga. Kullum da safe sai ta bi kwalekwalen mahaifinta ta ɗauki hoton sandar, ta rubuta kwanan wata da tsagar da ruwa ya kai. Kwana ashirin da shida, babu fashi. Ta naɗi muryar mahaifinta yana bayanin dalilin da ya sa tsohon irin da kakanninsu ke shukawa ya riƙa ƙara tsawo yana bin ruwan a lungu ɗaya, irin da kwaleji ta raba kuwa ya nutse a kwana na huɗu. Da ruwa ya janye ta shuka wake a danshin da ya bari. A wurin rubutu na ƙarshe ta ce ba ta girbi shinkafa ba, kuma ta yi kuskuren shuka iri ɗaya a kwari da gefe, baɗi ba za ta sake ba.

Nu'uman ya ba ta talatin da takwas cikin ɗari. Ta faɗi ke nan. Kuma darasin ba a maimaita shi sai wata daminar.

Na mayar masa da kwamfutar a ofis, na shimfiɗa masa takardata ta fensir.

"Nu'uman, malafa ɗaya ka ba wa maki sau arba'in da ɗaya."

"Baba, ba ni ke ba da maki ba. Tsari ne. Shaida yake nema."

"Shaidar me? Cewa Fannami yana da malafa?"

"Ai majalisar malamai ta riga ta amince da sakamakon. An rufe."

Muna cikin haka aka yi sallama. Mansura ce, doguwa, ta kai shekara ashirin da bakwai, gefen zanenta da busasshen taɓo. Ta gaishe ni, ta gaishe shi, ta tsaya.

"Malam, na ga sunana a allo cikin waɗanda suka faɗi."

"Kin ga gurbinki biyu ja ne?"

"Na gani. Ruwa ne ya ci gonar."

"Ruwa ya ci ta kowa. Me ya sa ke kaɗai ba ki yi girbi ba?"

Ta dube shi. "Malam, ka ji tambayar da ka yi kuwa?"

Na kawar da kai don kada ya ga fuskata.

"Kada ki yi mini rashin kunya. Abokan karatunki sun yi dabara."

"Sun kira ni. Har layi suka riƙe mini. Babana ya ce in na sa malafar wani na ce gonata ce, kada in sake hawa kwalekwalensa." Ta sassauta murya. "Malam, ana ɗaukar malaman gona mata a ƙaramar hukumarmu, mutum uku. Na ci jarrabawarsu. Sun ce in kai takardar sakamako kafin ƙarshen Janairu, in ba haka ba a ba wa ta bayana. Rabon da a ɗauki mace a wannan aiki tun ina firamare."

"Sai ki jira baɗi. Allah ya sa hakan ne mafi alheri."

"Amin," in ji ta, ta fita ba ta ja ƙofar ba.

Na ce masa ai akwai hanyar gyara, na san dokokin makarantu. Ya ce akwai. Malami ya rubuta wa majalisa cewa shi ne ya yi kuskure wajen ba da maki. Sai a ba shi takardar tuhuma, ta shiga fayil ɗinsa, a karɓe duk muƙamin da yake riƙe da shi na shekara uku. Da ya zo wurin muƙamin sai ya dubi ƙofa, inda allonsa yake. Na ɗauki sandata na tafi gida.

Masu tantancewa sun zo ranar Laraba, takwas ga Janairu. Nu'uman ya gayyace ni don a ga farin gashi a sahun gaba. An yi fenti, an aro tukwanen furanni, an rataya ƙyalle mai ɗauke da hotonsa yana nuna kwamfuta da yatsa. Shugabar tawagar wata Dakta Najwa ce, gajeriya, mai magana a hankali. Daga baya na ji 'yar Miga ce, a gona ta tashi. Nu'uman ya yi jawabin minti ashirin da biyar, ya ambaci fotfoliyo sau talatin da ɗaya. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce a haska kundayen a bango, ita za ta zaɓi sunaye.

Na farko, malafa. Na biyu, malafa. A na shida ta ajiye biro.

"Malam Kodineta, wannan jan injin a wace shekara yake? Na ga ya fi kowa zuwa aji."

Wani daga baya ya shaƙe da dariya. Shugaban kwalejin ya soma duba farcensa.

"Ranki ya daɗe, ai... gonar haɗin gwiwa ce."

"Takardarku ta ce kowa a gonar gidansu. Ni na bi hanyar Auyo a watan Oktoba, na ga abin da ruwa ya yi. Idan wannan ne kundin da kuke koyar da ɗalibai da shi, zan rubuta cewa kun koya musu ɗaukar hoto. Akwai ko guda ɗaya da ɗalibi ya faɗi abin da ya same shi?"

Na ga gumi ya keto ta bayan babbar rigarsa. Ya sunkuya kan kwamfuta, ya gangara can ƙasan jerin sunaye, ya buɗe na Mansura. Na lura da yadda ya yi saurin tura shafin sama don kada makin ya fito a bango.

Dakta Najwa ta shafe minti arba'in a kan kundin nan. Ta bi hotunan sandar ɗaya bayan ɗaya. Ta sa aka maimaita muryar Malam Adam, mahaifin Mansura, sau biyu, ta rubuta sunan tsohon irin a littafinta. Da ta karanta wurin da Mansura ta amsa kuskurenta, sai ta juyo ga sauran 'yan tawagar ta ce abin da ake nufi da kundin ɗalibi ke nan, kuma ba ta ga kamarsa a kwalejojin da suka zagaya ba.

"Ai mu muka horar da ita, ranki ya daɗe," in ji Nu'uman. Muryarsa ta riga ta dawo.

Na rayu na ga mutane suna cin abincin da ba su dafa ba, amma ban taɓa ganin wanda ya ci yana santi haka ba. Tawagar ta bar wa sashen izininsa na ci gaba da koyarwa, bisa sharaɗin a ƙara gurbin ambaliya da gurbin abin da bai yiwu ba. Arba'in da ɗaya nan kuwa aka bar su da makinsu, tunda majalisa ta riga ta amince, kuma majalisa ba ta son jin cewa ta amince da malafa. A wurin cin abinci shugaban kwaleji ya dafa kafaɗar Nu'uman a gaban jama'a ya ce ya ceci sashen, kuma ana tunanin ɗaga ofishinsa ya koma Darakta. Na ga leɓɓansa suna gwada kalmar a ɓoye. Babu wanda ya tambayi makin yarinyar. Sunanta yana nan a allon sanarwa cikin waɗanda suka faɗi, taku goma daga inda ake rabon kaji.

A bakin ƙofa ya tare ni yana murmushi.

"Baba Hedimasta, ka ga yadda muka yi?"

"Na ga yadda ta yi. Saura kwana ashirin da uku wata ya ƙare."

Murmushin ya tafi. Sai wani ya kira shi ɗaukar hoto ya tafi. Na yanke a raina cewa na gama da shi, kuma na faɗa wa iyalina in ya zo a ce ina barci.

Bai zo ba. Wadda ta zo Mansura ce, ranar ashirin da tara ga wata, a kan hanyarta ta dawowa daga sakatariyar ƙaramar hukuma. Ta kawo mini wake ƙwarya guda daga wanda ta shuka a danshin ambaliya. Ta ce an karɓi takardarta, za ta fara aiki a watan Maris. Na nemi ganin kwafin sakamakon. Saba'in da tara.

"Yaya aka yi, 'yata?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Kira na aka yi daga ofishin rajista aka ce in zo in karɓa. Sun ce an samu kuskure an gyara. Ina jin kwamfutar ce ta dawo hayyacinta."

"Kin ga Malam Nu'uman?"

"Na gaishe shi a baranda. Ko kallona bai yi ba. Ni ma ban tsaya ba."

Washegari na hau mashin na je kwalejin. A ƙofar ofishin Nu'uman babu allo, sai ramukan ƙusa huɗu. Sakatariyar rajista, Hajja Zainaba, tsohuwar ɗalibata ce tun Birniwa. Ta rufe ƙofa, ta ce bai kamata ta nuna mini ba, sannan ta nuna mini. Takarda ce da rubutun hannun Nu'uman, layi biyar, mai kwanan wata na goma ga Janairu, kwana biyu bayan rabon kaji. Ya rubuta cewa shi ne ya yi kuskure wajen auna aikin Mansura Adam, ba tsari ba, ba majalisa ba, yana roƙon a sake zama a gyara kafin ƙarshen wata, kuma ya san hukuncin da ke biye. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa kada a sanar da ɗalibar wanda ya rubuta. Hajja Zainaba ta ce shi ya riƙa bin 'yan majalisar gida gida har suka cika adadin da za a zauna, kuma an ba shi takardar tuhumarsa a ranar da aka ba yarinyar tata takardar.

Na same shi a ɗakin malamai, a wani tebur da suke rabawa su uku, yana gaya wa wani sabon malami cewa ya ajiye Kodineta ne da kansa don zai tafi karatun digiri na uku, kuma ba da jimawa ba za a riƙa ce masa Dakta. Ya hango ni ya miƙe.

"Baba Hedimasta! Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wucewa nake yi, na ce bari in gaishe ka."

Ya jawo mini kujerarsa, don babu wata a wurin, shi ya tsaya.